Jatan Lande Ba Iyaka: Yadda Garaɓasar Dala 20 ta Tona Asirin Red Lobster

A tsakiyar watan Mayun 2024 ma'aikatan kamfanin gidajen cin abincin teku na Red Lobster a garuruwa da dama na Amurka suka wayi gari suka tarar an garƙame ƙofofin wuraren aikinsu, kuma cikin 'yan kwanaki aka fara gwanjon kayan wasu daga cikin rassan, tun daga murhu da firji har zuwa kujeru da teburan da iyalai suka shekara da shekaru suna zama a kai. Rassa sama da 90 ne aka rufe a wannan karon. Ranar 19 ga watan kamfanin ya shigar da takarda gaban kotun karayar arziki da ke Orlando a jihar Fulorida, yana neman kariya daga masu binsa bashi a ƙarƙashin Babi na 11 na dokar ƙasar, wanda ke bai wa kamfani damar ci gaba da ciniki yayin da ake sake fasalin basussukansa. Nan da nan labarin ya bazu a sigar da ta fi daɗin faɗa: wai masu ci ne suka cinye kamfanin, domin ya ce kowa ya biya dala 20 ya ci jatan lande iya cikinsa, su kuwa suka ɗauki maganar da gaske. Akwai gaskiya a wannan labari, sai dai gaskiyar ba ta kai rabin abin da ya faru ba, kuma wanda ya karanta takardun da kamfanin ya miƙa wa kotu zai ga cewa garaɓasar ta zo ne ta tarar da gini wanda gara ta riga ta cinye ginshiƙansa.

Kafin a shiga lissafi, ya kamata mai karatu ya san irin gidan abincin da ake magana a kai, domin yana tsakanin iri biyu ne. Ya bambanta da wuraren da mutum ke tsayawa a gaban kanta ya biya ya karɓi ƙunshinsa cikin minti biyar, kamar McDonald's, ya kuma bambanta da manyan wuraren alfarma da ake kama teburi tun mako guda kafin ranar. A irin su Red Lobster da Olive Garden da Applebee's da Chili's, ana tarbar baƙo a bakin ƙofa a kai shi teburi, a miƙa masa takardar jerin abinci mai hotuna, sabis ya zo ya rubuta abin da yake so, ya kawo, ya riƙa leƙowa yana ƙara abin sha, sai an gama ci sannan a kawo takardar kuɗi, mai ci ya ɗora tukwici a kai. Reshen da ke jihar Ohayo da wanda ke Tekzas fasalinsu ɗaya, abincinsu ɗaya, ɗanɗanonsu ɗaya, kuma wannan rashin bambanci shi ne hajar da ake sayarwa: magidanci mai matsakaicin ƙarfi ya san abin da zai tarar da abin da zai kashe tun kafin ya fito da iyalinsa daga gida.

Red Lobster na cikin waɗanda suka kafa wannan tsari. Bill Darden ne ya buɗe na farko tare da Charley Woodsby a garin Lakeland na Fulorida a 1968, da manufar kai abincin teku ga mutanen da ke nesa da gaɓa a farashin da ma'aikaci zai iya biya. A 1970 kamfanin General Mills ya saye shi ya zuba masa jari, rassa suka yaɗu a faɗin ƙasar, sannan a 1995 aka ware harkar gidajen abincin ta zama kamfani mai cin gashin kansa da sunan Darden Restaurants, wanda ya haɗa har da Olive Garden. Ga miliyoyin Amurkawa, a nan suka fara ganin lobsta da idonsu, wato ƙatuwar halittar nan ta teku mai ɓawo da manyan hannuwan damƙa, dangin ƙaguwa da jatan lande, tana yawo da rai cikin tankin gilashi a bakin shiga. Nan ake zuwa murnar kammala makaranta, da zagayowar ranar haihuwa, da cin abincin rana bayan an taso daga coci ranar Lahadi. Akwai kuma ɗan burodin nan mai cuku da tafarnuwa, Cheddar Bay Biscuits, da ake ajiyewa a kowane teburi kyauta, wanda ya yi sunan da har garinsa ake sayarwa a manyan kantuna.

Ribar irin wannan gida siririya ce, kuma tana rataye ne da abubuwa ƙalilan. Masu sana'ar kan yi ƙoƙarin kada kuɗin kayan girki ya wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da mai ci ya biya, sauran kuma ya tafi ga albashi da haya da wuta da gyare-gyare, abin da ya yi saura shi ne riba. Bayan wannan akwai abin da ya fi shi muhimmanci a daren Juma'a da Asabar, wato sau nawa teburi ɗaya zai karɓi sababbin baƙi kafin a tashi. Teburin da iyali uku suka zauna a kansa bi da bi ya ninka wanda iyali ɗaya ya mamaye tun magariba har rufewa, alhali hayar wurin da albashin mai dafuwa ba su canza ba. Shi ma sabis ɗin abincinsa na nan, domin mafi ƙarancin albashin da dokar tarayya ta yanka wa ma'aikacin da ke karɓar tukwici dala 2.13 ne a awa, adadin da bai motsa ba tun 1991, ko da yake jihohi da dama sun ɗaga nasu sama da haka. Tukwicin kuwa ana auna shi ne da jimillar kuɗin abinci, yawanci kashi 15 zuwa 20 cikin 100, ba da yawan zirga-zirgar da ya yi tsakanin kicin da teburi ba.

Duk wanda ya taɓa zama gaban mai tuwo ya san ƙa'idar da wannan lamari ya karya. Za ta ƙara maka miya ba tare da ta yi maka lissafi ba, wani lokaci ma ta yi maka gyaran tuwo, amma tsokar nama sai ka saya, domin ta san abin da ke da araha a tukunyarta da abin da ke cin jarinta. Olive Garden, wanda ya taso a gida ɗaya da Red Lobster, ya daɗe yana garaɓasar taliya ba iyaka a wani yanki na shekara kuma bai karye ba, saboda taliya gari ce da ruwa, tana da arha, tana kuma cika ciki da wuri, kwano na biyu ya isa ya sa yawancin mutane su ajiye cokali. Abincin teku ya saɓa wa wannan ta kowace fuska: yana da tsada, farashinsa na hawa da sauka bisa yanayin kamu da kasuwar duniya, kuma ba shi da nauyi a ciki, mutum na iya cin ɗaiɗai har ya manta adadin da ya ci.

Abin mamakin shi ne Red Lobster ya riga ya sha wannan darasi sau ɗaya. A 2003 ya fito da garaɓasar ƙafafun ƙaguwa ba iyaka a daidai lokacin da farashin ƙaguwar ke hawa, kuma cikin 'yan makonni ya yi asarar kimanin dala miliyan 3.3, shugabar kamfanin ta lokacin, Edna Morris, ta bar kujerarta. Ƙaguwa abinci ce mai cin lokaci, sai an fasa ɓawo an zaƙulo ɗan naman da ke ciki, don haka mai ci ba ya ƙoshi da wuri kuma ba ya tashi da wuri. An yi hasashen mutane za su nemi ƙari sau ɗaya ko biyu, sai suka yi ta nema. A shekarar da ta biyo baya kamfanin ya koma ga jatan lande, wanda ya fi ƙaguwa arha saboda ana kiwonsa da yawa a tafkunan ƙasashen Asiya da Kudancin Amurka, ya kuma taƙaita garaɓasar ga 'yan makonni a shekara. A wannan siga ta yi kusan shekara 20 tana aiki, domin ana sa ta ne a lokacin da ciniki ya ja baya, tana jawo mutanen da suka daɗe ba su zo ba, suna tahowa da 'yan rakiya masu sayen wasu abubuwa a cikakken farashi, kafin asara ta taru kuma an janye ta.

A watan Yunin 2023 aka cire wannan iyaka. Aka sanar cewa daga yanzu garaɓasar, mai suna Ultimate Endless Shrimp, ta zama ta dindindin, kowace rana, a kan dala 20. Mai ci zai fara da zaɓen iri biyu cikin nau'o'in da ake da su, akwai wanda aka soya da garin burodi, akwai mai kwakwa, akwai wanda aka dafa cikin man shanu da tafarnuwa, akwai na tsinke da aka gasa, akwai wanda aka haɗa da taliya, idan ya cinye ya kira a ƙaro, haka har sai ya ce ya isa. Wannan ya zo ne a lokacin da tsadar kayan masarufi ta ishi Amurkawa, har abincin tsaye na ɗauki-ka-wuce ya fara yi wa mutane nauyi, saboda haka dala 20 a zauna a kujera a yi wa mutum hidima ya ci iya cikinsa ta zama ciniki da mai hankali ba zai ƙi ba. Matasa suka mayar da abin gasa a TikTok, kowa na ɗaukar kansa yana ƙirga yawan da ya ci da awannin da ya shafe a zaune.

A nan ne lissafin teburi ya rushe. Mutanen da a da za su sayi farantin lobsta ko na kifi mai tsada suka sauko kan na dala 20, wato garaɓasar ta cinye cinikin da gidan ke da shi a hannu maimakon ta ƙara sabo a kansa. Masu zama suka daɗe a zaune, masu jira a bakin ƙofa suka gaji, wasu suka juya. Kicin da aka tsara don fitar da faranti ɗaya ga kowane baƙo ya koma fitar da ƙananan faranti biyar ko shida ga mutum ɗaya, abin da ya jinkirta abincin sauran teburan da ba ruwansu da garaɓasa. Sabis kuwa ya yi ta kai da kawowa a kan teburin da jimillar kuɗinsa ba ta ƙaruwa komai yawan sahun da ya yi, ga shi teburin bai saki ba balle wasu su zauna. A ganina wannan ɓangare ne aka fi yin watsi da shi wajen ba da labarin, domin asarar kamfani ana rubuta ta a rahoton wata uku-uku, ta ma'aikacin da ya yi aiki ninki biyu a kan tukwici ɗaya kuwa ba ta shiga kowane littafi.

A watan Nuwamban 2023 Ludovic Garnier, babban jami'in kuɗi na Thai Union, kamfanin ƙasar Tailan da ke da kaso mafi tsoka a Red Lobster a lokacin, ya shaida wa masu zuba jari cewa sun san farashin ya yi arha, manufar ita ce a jawo jama'a, amma yawan waɗanda suka zaɓi garaɓasar ya zarce abin da aka zata nesa ba kusa ba. Masu zuwa sun ƙaru kaɗan, riba kuwa ta faɗi. Aka ɗaga farashin zuwa dala 22, aka sake ɗaga shi zuwa 25. Asarar da takardun kotu suka jingina wa wannan mataki ta kai kimanin dala miliyan 11.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Dala miliyan 11 kuɗi ne, amma ga kamfanin da cinikinsa na shekara ya kai biliyoyi bai isa ya kai shi ƙasa ba. A cikin takardun nan dai an bayyana cewa hayar gine-gine ta ci wa kamfanin sama da dala miliyan 190 a shekara guda, kuma fiye da miliyan 64 daga ciki an biya su ne a kan rassan da ba sa fitar da kansu. Tambayar da ta dace ita ce yadda aka yi kamfanin da ya mallaki filaye da gine-ginen ɗaruruwan rassansa ya koma ɗan haya a cikinsu, amsar kuma tana cikin cinikin 2014. A waccan shekara Darden ya sayar da Red Lobster ga Golden Gate Capital, wani kamfanin saye da sayar da kamfanoni da ke San Faransisko, a kan dala biliyan 2.1. Domin ya biya mafi yawan kuɗin, mai sayen ya sayar da filaye da gine-ginen rassa kusan 500 ga kamfanin filaye da gine-gine na American Realty Capital Properties a kan dala biliyan 1.5, sannan Red Lobster ya karɓi hayarsu daga sabon mai su. Ma'ana, da dukiyar kamfanin aka sayi kamfanin.

Sharuɗɗan hayar su ne suka zama ƙangi. Yarjejeniyar ta kusan shekara 25 ce, kuɗin na ƙaruwa da kashi 2 cikin 100 kowace shekara, kuma haraji da inshora da gyaran gini duk suna wuyan ɗan haya. Gidan abincin da ya mallaki gininsa yana iya jure mugunyar shekara, yana iya rufe reshen da ya mutu ya sayar da filin ya gyara sauran da kuɗin. Wanda ya sa hannu a haya mai tsawo irin wannan kuwa, ko mutum ɗaya bai shigo ba sai ya biya, kuma ba ya iya fita sai ya biya diyya ko ya bi ta kotun karayar arziki, wadda ke ba da damar yin watsi da irin waɗannan yarjejeniyoyi. Masu hannun jarin Darden da kansu ba su ji daɗin cinikin ba, kuma yana cikin dalilan da suka sa kamfanin zuba jari na Starboard Value ya yi nasarar kawar da dukkan 'yan majalisar gudanarwar Darden a watan Oktoban 2014. Golden Gate ya sayar wa Thai Union kaso a 2016 a kan dala miliyan 575, ya kuma fice gaba ɗaya a 2020, ya bar hayar a inda take. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Shigowar Thai Union ta kawo wata matsalar ta daban, wadda ta mayar da mu kan jatan landen kansa. Wannan kamfani, mai tambarin kifin gwangwani na John West da Chicken of the Sea, yana cikin manyan masu sarrafa abincin teku a duniya, kuma ya daɗe yana sayar wa Red Lobster kaya kafin ya zama mai hannun jari a cikinsa. Daga nan ya zama yana zaune a ɓangarori biyu na ciniki ɗaya, shi ne mai sayarwa kuma yana da babbar murya a gidan mai saye. Jonathan Tibus, ƙwararren mai farfaɗo da kamfanoni da aka naɗa shugaban Red Lobster a watan Maris na 2024, ya rubuta wa kotu cewa Paul Kenny, wanda ya riƙe shugabancin kamfanin a baya, shi ya yanke shawarar mayar da garaɓasar ta dindindin duk da adawar wasu manyan jami'ai, kuma a zamaninsa an sallami biyu daga cikin masu kawo jatan lande mai garin burodi da sunan binciken inganci, abin da ya bar Thai Union shi kaɗai a wannan fanni, kuɗin saye kuma ya ƙaru. Thai Union ya musanta zargin. Ko ma yaya gaskiyar take, tsarin da kansa gurgu ne, domin kowane ƙarin faranti da ya zama asara ga gidan abincin ciniki ne ga mai kawo kayan, kuma bai kamata a ce hannu ɗaya ne ke riƙe da alƙaluman biyu ba. A watan Janairun 2024 Thai Union ya sanar da cewa zai janye, ya kuma rubuta asarar dala miliyan 530 a kan jarin da ya zuba.

Duk wannan na faruwa ne alhali masu ci na raguwa. Takardun kotu sun nuna cewa yawan baƙi ya faɗi da kusan kashi 30 cikin 100 tun daga 2019. Annobar korona ta koya wa mutane a kawo musu abinci gida, wurare irin su Chipotle sun janye matasa da abinci mai sauri wanda babu dogon jira, gine-ginen Red Lobster kuwa sun tsufa saboda kuɗin da za a gyara su da shi na tafiya ga haya da ruwan bashi. Shugabanci ma bai zauna ba: Kelli Valade, wadda aka ɗauko a 2021, watanni takwas kawai ta yi ta tafi, aka yi ta canji bayanta. Garaɓasar dindindin dabara ce ta wanda ke neman cika kujeru ko ta halin ƙaƙa. Lokacin da aka isa kotu bashin da ke kan kamfanin ya haura dala biliyan 1, kuɗin da ke hannunsa bai kai miliyan 30 ba, ga kuma ma'aikata kusan 36,000 da za a riƙa biya albashi.

Ba za a ce arha kanta ce laifi ba, domin a wannan lokacin ne Chili's ya cika da jama'a da tayinsa na dala 10.99, wanda ya ƙunshi abin sha da ɗan abin buɗe ciki da babban faranti ɗaya. Bambancin shi ne Chili's ya san iyakar abin da zai fita daga kicin a kan kowace dala 10.99, ya kuma san mai ci zai gama ya tashi. Wani kamfanin gidajen abinci irin wannan, TGI Fridays, wanda shi ma bashi ya yi wa katutu, ya bi Red Lobster zuwa kotu a watan Nuwamban 2024 ba tare da wani jatan lande ba.

A watan Satumban 2024 kotu ta amince da shirin da ya miƙa Red Lobster ga masu binsa bashi ƙarƙashin jagorancin kamfanin zuba jari na Fortress Investment Group, tare da alkawarin zuba sabon jari na sama da dala miliyan 60. An yi amfani da damar shari'ar an yi watsi da hayar rassan da aka rufe, an kuma sake zama da masu wasu gine-ginen a kan farashi. Aka naɗa Damola Adamolekun, haifaffen Najeriya mai shekara 35 a lokacin, wanda ya taɓa shugabantar gidajen abinci na P.F. Chang's, ya ja ragamar kamfanin. Cikin matakansa na farko ya cire jatan lande ba iyaka daga jerin abincin, yana mai nuni da cewa lissafin ba ya fita kuma abin na takura kicin da masu hidima, ya rage yawan nau'o'in abincin domin a sauƙaƙa wa masu dafuwa, ya kuma ware kuɗi don gyaran kayan aiki da gine-ginen da aka daɗe ba a taɓa ba. Kamfanin ya fito daga kotu da rassa 544 a jihohi 44 na Amurka da wasu lardunan Kanada, kuma filayen da aka sayar a 2014 ba su dawo hannunsa ba.